Jini Ya Hau

Alhamis, 3 ga Fabrairu 2022

Ta haihu! Namiji ne, da hantsi, ina hawasha, gonata, ina sakar wa alkama ruwa. Rayan, autata, ita ta zo da gudu a kan gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan gona, ba takalmi, tana ihu da Larabci tun daga nesa. Na bar ruwa a buɗe na taho. Sai da na iso gida na tuna, na aika wa Salih maƙwabcin gona ya toshe mini.

Shekarunta da aure sun haura goma. Har mun daina zancen, kowa ya bar wa Allah. Yau ga shi an miƙo mini shi a cikin zane, ja wur, yana ta murtuke fuska kamar na ci masa bashi. Mairo matata ta ce ga angonta ya zo, ni tsoho in nemi wurin zama. Na ce mata mijin da ba shi da haƙori ko ɗaya, ta je ta yi ta fama.

Na rubuta ta haihu ban rubuta wace ba. To, ni nake karantawa, na san wace. Ɗiyar fari ce. Tun da aka haife ta bakina bai kama sunanta ba, haka na tarar da ubana yana yi da yayana. Lokacin da muke makarantar yamma malami ya ce kowa ya rubuta sunayen 'ya'yansa a allo, ni daga na biyu na fara.

Daya, wato unguwarzomar da ta karɓi haihuwar, ta ce ta zubar da jini da yawa, a kula da cinta jini ya dawo. Mairo ta riga ta ɗora tukunyar kunun kanwa.

Alhamdu lillahi.

Asabar, 5 ga Fabrairu

Kamal, mijinta, ya bugo daga Managil. Ba a ba shi hutu daga aikin mota ba sai jajibirin suna. Ya ce in duba masa rago. Na dubo biyu, ɗaya nawa ne, kada wani ya ce mini komai.

Yaron yana da kunnuwana. Mairo ta ce Allah ya sawwaƙe masa.

Lahadi, 6 ga Fabrairu

Na hango ta yau da aka fito da ita wanka bayan ɗaki. Daga nesa ne, ban tsaya ba. Fuskarta ta cika, idanun sun shige ciki, ta ɗaure kai da ƙyalle tamau. Na tambayi Mairo, ta ce ƙibar jego ce, kunu ne ya karɓe ta, haka ita ma ta yi a nata. Kanwar ma mai kyau ce, atrun ɗin da ƙanwarta ta aiko daga Sinnar.

Ita ta sani. Amma ɗaurin kan nan bai kwanta mini ba.

Litinin, 7 ga Fabrairu

Na dawo daga hawasha na tarar da mata suna ta murna a tsakar gida. Daya ta zo duba cibiya, ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta ce jininta ya hau. Mairo har da guɗa. Jinin da ya zube ya dawo tun ba a yi suna ba, ta ce gobe za ta ƙara kanwa a kunu tunda shi ya yi aikin. Wai daya ta ce a kai ta markaz, ƙaramin asibitin garinmu, a duba, tana sauri an kira ta wata haihuwar. Mairo ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, kuma me za a je nema tunda jini ya hau.

Na yi godiya ga Allah. Na ba Rayan kuɗin alawa.

Talata, 8 ga Fabrairu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Bayan asuba ina shan jabana, gahawar da muke dafawa da citta, rediyo a kusa da ni, tashar Hausa. Wani likita daga ƙasar Hausa yana bayani a kan cutar da ya kira hawan jini. Ciwon kai, kumburi, ganin duhu-duhu, a rage gishiri da kanwa. Ina ji ina cewa ai wannan dagit ne, cutar da nake shan wa ƙwaya kullum. Mu nan ba mu san ta da wani suna ba sai dagit, yadda Larabawa ke faɗa. Ashe can hawan jini suke ce mata.

Hawan jini. Jini ya hau.

Na ajiye finjalin. Na kira Rayan na ce ta faɗa mini abin da daya ta ce da bakinta, da Larabci, kada ta juya mini. Ta ce, "Dagit aali, Yaba. Ta ce dagit ɗinta ya yi sama." Na ce to me ya sa kika ce wa uwarki jini ya hau? Ta ce Yumma ce ta ce ta faɗa da Hausa, ita kuwa ba ta san Hausar dagit ba, ta ga abin na jini ne, kuma ya yi sama. Ta fara kuka. Ba laifinta ba ne. Hausarta ta kasuwa ce da tsakar gida, mu muka raine ta haka.

Mairo ba ta yarda ba. Ta ce dagit ciwon tsofaffi ne irina, masu fushi da mai rabon ruwa. Ta ce jiya an ce jini ya yi kaɗan, yau an ce ya yi yawa, wanne za ta kama? Ni ma ban gane ba.

Na ɓallo ƙwaya ɗaya daga cikin nawa na ba Mairo, na ce a ba mai jego. Dagit dai dagit ne. In ya sauka gobe shi ke nan, ba sai an fitar da ita ana jibi suna ba, mutane na kallo.

Na wuce ƙofar ɗakinta sau da yawa yau. Ina jin kukan yaron, ita ban ji motsinta ba. Da wani ne na gari da na leƙa na ce yaya jiki.

Laraba, 9 ga Fabrairu

Muna Sinnar, asibiti. Ina rubutu a kan gwiwa ƙarƙashin bishiyar nim.

Da safe ta ce wa Rayan ta kashe fitila, tartsatsi na damun ta. Ba fitila a ɗakin, rana ta fito. Rayan ta zo ta faɗa mini a kunne. Ban yi shawara da kowa ba, na fita na taro raksha, keken haya mai ƙafa uku. Mairo ta tsaya a ƙofa tana cewa gobe suna, me za a ce wa mutane, iska za ta shiga jikin mai jego. Na ce ta ɗauko yaron ta shigo ko ta ba mu hanya. Ban taɓa yi mata magana haka a gaban yara ba. Ta shigo.

A markaz muka samu Diktora Ruqaya, wadda ke duba nawa dagit ɗin. 'Yar garin Mai Wurno ce, tana jin Hausa sarai. Ta ɗauki alƙalami ta dube ni ta ce sunanta? Na kalli bango. Rayan ce ta faɗa.

Ta auna, ta sake aunawa a ɗaya hannun. Fuskarta ba ta canza ba amma hannunta ya yi sauri. Ta ba ta wata ƙwaya nan take, ta yi mata allura, ta ce wannan ya fi ƙarfin markaz, a wuce Sinnar yanzu, irin wannan yana iya kawo jijjiga. Ta tambaya ko an ba ta wani magani a gida. Na ce na ba ta nawa jiya.

Sai ɗiyata ta kwance bakin tob ɗinta, wato mayafinta, ga ƙwayar nan a ƙulle. Murya ƙasa-ƙasa, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ban sha ba, diktora. Na ji tsoron nono. Kuma ban iya mayar wa Baba abinsa ba."

Diktora ta ce ta yi daidai. Ta juyo gare ni ba faɗa, ta kira ni baffa da Larabci, ta ce, "Ammu Jibo, naka an zaɓa maka shi ne don shekarunka da ƙodarka. Ita mai shayarwa ce, nata daban. Sunan ciwon ɗaya, mutanen biyu ne."

Kwana ɗaya na ɓata. Na san sunan ciwon tun jiya da safe.

Alhamis, 10 ga Fabrairu

An yi suna ba uwa, ba ɗa, ba kaka. Kamal ya tsaya a gida aka yanka ragunan, ya iso nan bayan azahar da ƙafar rago a leda. Sunana ya sa wa yaron, Jibrin. Yanzu ita ma ba za ta iya kama sunan ɗanta ba, don sunan ubanta ne. Gida ya cika da sunayen da ba a faɗa.

An ce dagit ɗin ya ɗan sauka. Ban shiga ba, ɗakin mata ne. Ko da na maza ne ban san ko zan shiga ba.

Asabar, 12 ga Fabrairu

Ya sake hawa da safe, ya sauka da yamma. Ba na iya cin komai sai shayi.

Talata, 15 ga Fabrairu

An sallame mu jiya. Yau muka koma markaz kamar yadda aka ce, ni da ita da Mairo, yaron a bayan kakarsa.

Abin da na gani yau ban saba gani ba. Diktora ta ja kujera ta zauna kusa da ita, ta tambaye ta yaya kai, yaya ido, yaya barci. Mairo ta fara amsawa, ta ce da sauƙi sosai. Diktora ta ce, "Haboba, kakar yaro, mai jego nake tambaya." Can ta fara magana, kaɗan-kaɗan. Ashe ciwon kan tun kafin haihuwa ne. Ba ta faɗa ba don kada a ce ta yi raki a haihuwar fari bayan an daɗe ana jira. Ashe maganin da aka ba ta a Sinnar, sau uku a yini, na tsakar rana yana wuce ta in yaron ya samu barci ita ma ta samu. Kuma kullum tana sha ne da fargaba, tana duba ko nono ya ragu.

Diktora ba ta ce mata don me ba. Ta ce akwai wani da ya dace da mai shayarwa, safe da dare kawai, ta zaɓi lokacin da ba za ta manta ba. Ta ce bayan asuba da bayan isha. Aka tsaya a kan haka. Ta ce mata nata ba lallai ya zama na har abada kamar nawa ba, za a riƙa aunawa, in ya zauna a rage, in Allah ya so a daina. Amma ba ita za ta daina da kanta ba, ba kuma mu ba.

Sai zancen kunu. Mairo ta gyara zama, na san za a yi. Ta ce da kunun kanwa uwarta ta yi jegonta, da shi ta yi nata duka, kakanninmu da shi suka zo daga yamma a ƙafa, ba wadda ya kashe. Diktora ta ce ita ma da shi aka yi jegon uwarta. Ta tambaye ta me kunun ke yi wa mai jego. Mairo ta ce yana kawo nono, yana ɗumama ciki, yana mayar da jini. Ta ce to a bar kunun, a dama shi da gero da hulba da dabino, ta sha iya cikinta, kanwar kaɗai za a cire, don ita ke riƙe ruwa a jiki tana tura dagit sama. Wanka ma a yi, amma da ruwan da hannu zai iya zama a ciki. Jinin da ya zube kuma gaskiya ne ya yi kaɗan, ga ƙwayarsa daban, ga hanta da ganye.

Mairo ta ce har yanzu ba ta gane yadda abu zai yi kaɗan kuma ya hau ba. Ni ne na ce mata, kamar abu ishrin ne, ƙaramar hanyar ruwan da ke shiga hawasha. Ruwa na iya yin kaɗan, amma in ciyawa ta matse hanyar sai ya riƙa dukan gaɓa har ya fasa. Ta ce, "Kai komai sai ka kai shi gona."

Da za mu fita diktora ta tsayar da ni. Ta ce a gidan ni na san ciwon nan a jikina, ni zan riƙa tambayar ta kullum da safe: kai, ido, numfashi, jiri. Na ce Rayan za ta yi. Ta ce Rayan ta koma makaranta. Na ce uwarta. Ta ce uwarta za ta ce da sauƙi tun ba a tambaya ba. Na ce ɗiyar fari ce. Ta ce, "Na sani, Ammu. Na ga yadda ka kalli bango."

Laraba, 16 ga Fabrairu

Na tsaya a bakin ƙofa na ce wa labule, a tambayi mai jego yaya kai. Labule ya ce da sauƙi.

Juma'a, 18 ga Fabrairu

Na ɗanɗana kunun a ɓoye. Ba kanwa. Na ga ƙullin atrun ɗin a kan katanga wajen awaki.

Mairo ba ta yi mini magana sosai tun ranar raksha. Jiya na ji ta tana ce wa yaron, da ta kashe masa uwa da hannunta tana guɗa. Na yi tari don ta san ina kusa. Ni ma ai na ba da kuɗin alawa.

Lahadi, 20 ga Fabrairu

Kullum labule da sauƙi yake cewa. Yau Salih ya zo gaisuwa, muna zaune a rakuba, rumfar tsakar gida, na hango ta ta fito za ta shanya kayan yaro. Ta miƙe daga sunkuyo sai ta dafa bango, ta daɗe a haka ido rufe. Ta ɗauka ba mai ganin ta.

Da sauƙin nan irin na wancan makon ne.

Litinin, 21 ga Fabrairu

Na shiga. Na yi sallama, na ɗaga labule, na zauna a bakin angarib, gadon igiyar da ke kallon nata. Ta yi sauri ta ja mayafi, ta rasa inda za ta sa ido. Ni ma haka. Na kalli yaron na ce masa, kai maigida, faɗa wa uwarka ni ma da aka fara ba ni ƙwayar nan na sha jiri, har na faɗi a gaɓar tur'a, Salih ya ɗauka sujada nake. Ta yi dariya a cikin mayafi. Sai na daina kallon yaron na ce, ke fa?

Ta ce, "Ina ji, Baba. In na miƙe. Tun shekaranjiya."

Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce ta ga na rame.

Muka je markaz. Diktora ta auna ta a zaune, ta auna ta a tsaye, ta ce dagit ya fara sauka da kansa, kanwa ta fita daga jiki, maganin ya yi mata yawa yanzu. Ta rage. Ta ce wannan jirin labari ne mai kyau in an kawo shi da wuri, mummuna in an ɓoye shi har ta faɗi da yaro a hannu. Ta tambaya wa ya gano. Ɗiyata ta ce Baba ne ya tambaye ni. Na fita duba raksha.

Alhamis, 24 ga Fabrairu

Kai lafiya, ido lafiya, jiri ya tafi. Na tambaya, ta amsa. Ta ce ni fa, na sha tawa? Ban sha ba, na manta. Ta sa Rayan ta kawo mini ruwa.

Talata, 1 ga Maris

Awo ya yi kyau, amma diktora ta ce a ci gaba tukuna. Na so ta ce an gama.

Yaron ya yi mini fitsari a jallabiyar Juma'a. Mairo ta ce ya nuna mini wane ne mai gidan. Ta dawo yi mini tsiya, alhamdu lillahi.

Alhamis, 10 ga Maris

An mayar da maganin sau ɗaya a yini. Diktora ta ce in awo na gaba ya zauna haka za a gwada dainawa, a ci gaba da dubawa. Ta ce ko bayan an daina kada a manta da ita, a riƙa aunawa lokaci-lokaci, kuma in Allah ya kawo wani cikin a zo tun da wuri. Na ce ina nan.

Da muka dawo na kwanta a rakuba, barci ya ɗauke ni. Ƙamshin jabana ya tashe ni. Ita ce a tsugune gaban murhu tana soya bun, 'ya'yan gahawa, fuskarta ta koma tata, ba ƙyalle a kai. Ta miƙe tsaye ba ta dafa komai ba. Ta zuba mini, citta ta yi yawa kamar yadda take yi tun tana yarinya. Na shanye.

Alkama ta fara ja. Mutanen Managil da na garin Hajj Abdalla da suka zo suna suka tarar ba mai jego ba jariri, har yau ban kira su ba. Na ce wa Kamal ya sanar da nasa dangin, ni gobe in an sallame Juma'a zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗa wa namu. Mairo ta ce me za ka ce musu, arba'in ma bai cika ba. Na ce zan ce su zo su ga jikana mana, me kuma.

Ɗazu na gwada kiran da zan yi, har da sunanta, a bayan gida, wajen awaki, a hankali. Bakin bai saba ba, amma ya fita.

Ku zo, jama'a, gida a buɗe yake, akwai jabana. Yaron yana nan, za ku gan shi. Ku zo ku ga Widad ta miƙe.